Ishaya da Ƙotar Garmarsa

Idan ka fita daga Zuru ta hanyar Ribah, kafin ka bar gidajen ƙarshe, akwai wata ɗorawa a hannun dama wadda ƙasan gindinta ya yi baƙi ƙirin da mai. Nan ne garejin Ishaya. Ba allo, ba rumfar kirki, sai 'yan fallayen kwano da aka jingina, da benci, da gawar wata akori-kura da kaji suka mayar gidansu. Ishaya mijin ƙanwata Leah ne. Ni sunana Keziah, ungozoma ce a ƙaramin asibitin cocinmu. Abin da zan rubuta a nan ba asiri ba ne, kowa a garin nan ya san shi. Faɗa ne kawai ba a yi, kuma rashin faɗar ne yake ci mini rai.

Sai na fara da golmo, don in ba ka san golmo ba, ba za ka gane Ishaya ba. Mu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Shi da sa'o'insa za su haɗa kai su yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina, tun rana ba ta fito ba har ta faɗi. A gonar nan ake auna namiji. Ba a cewa an gaji. Ba a cewa ƙishirwa. Wanda ya yi ƙara, sa'o'insa za su sa shi a waƙa, kuma waƙar za ta bi shi har furfura.

A gonar babanmu Ishaya ya yi nasa, saboda Leah. Wata rana garma ta kauce ta sare shi a ƙafa. Bai tsaya ba. Haka ya ƙarasa kunyar, jini na bin sawunsa a ƙasa, sai da shugaban ƙungiyarsu, Markus, ya ce a sha ruwa sannan ya zauna. Babanmu ya ji daɗi ƙwarai, ya yi ta ba baƙi labari. Ni ce na wanke ciwon, ni na ga farin ƙashi, kuma tun ran nan nake cewa wannan abin da maza ke kira jarumtaka rabinsa wauta ne. Ba wanda ya saurare ni.

Bayan aure ya shiga soja kamar yawancin samarinmu. A can aka koya masa gyaran mota. Yaƙin basasa ya zo ya wuce, a 1971 aka sallame shi ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya cike da sifana. Ya dawo da hannu biyu, ƙafa biyu, ido biyu. Muka yi godiya a coci, don da yawa ba su dawo haka ba. Abin da muka lura kawai shi ne ya rage magana, kuma kullum hularsa a jaye take har ta rufe kunne, ko da ana zafin bazara. Muka ce halin soja ne.

Motocin da ke bin hanyoyinmu duk tsofaffi ne, waɗanda birni ya gama cinyewa ya tofar mana. Ba takardarsu, ba wanda ya san shekarunsu, wata ma injinta daban, jikinta daban. Ishaya ba ya taɓa sifana sai ya san wace ce a gabansa. Zai buɗe murfin tanki ya sansana ya ji ko fetur take sha ko gas. Zai leƙa ya ga ko injin nata ne na asali ko aro aka yi mata. Yakan ce ciwon mai fetur daban, na mai gas daban, in ka ɗauki wannan a matsayin waccan sai ka kwance mota gaba ɗaya ba ka ga komai ba.

Daga nan sai ya sa direba ya tsaya a gabansa. A gabansa sosai, fuska da fuska.

"Faɗa mini a nan," in ji shi. "Ba na son magana ta bayan kai."

Direbobi suka ce girman kai ne na tsohon kofur, amma suna tsayawa.

Sai a ta da mota, ya zagaya baya ya tsuguna wajen salansa. In hayaƙin baƙi ne, mai ya yi mata yawa, a duba kafireta. In shuɗi-shuɗi ne, baƙin mai take ƙonawa, ringi ya cinye. In fari ne mai kauri da ba ya saurin bajewa, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Sai ya kwance filogi ya jera su a kan tsumma yadda suke a jikin inji, ya bi su da kallo kamar yadda nake duba idon mai ciki in ga ko tana da jini. Wanda bakinsa ya yi kalar ɓawon gyaɗa, lafiya lau. Wanda ya yi baƙi da toka, ko ya jiƙe da mai, ko ya yi fari fat, kowanne da abin da yake faɗa.

Duk wannan sauran kanikawa ma suna yi, wasu da kyau, wasu da ka. Inda Ishaya ya bambanta shi ne a ƙarshe. Sauran kanikawa kan ɗora dogon sukudireba a jikin inji su kanga kunne a gindinsa. Shi kuwa sai ya shiga bayan kwanon nan ya fito da wata sanda a cikin tsohuwar safar soja. Ƙotar garmarsa ce ta golmo, icen ƙirya, ta sha hannu har tana sheƙi. Sai ya dafa kanta ɗaya a jikin inji yana aiki, ya ciji ɗaya kan da haƙoransa, ya rufe ido. Ya matsa da ita sama, ya matsa ƙasa, ya koma gefe. Wani lokaci har yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labari. In ya buɗe ido sai ya ce, "Bawul ne, na baya." Ko ya ce, "Famfon ruwa ne, bar injin ya huta." A kwance a ga haka ne. Ba ya barin kowa ya taɓa sandar, ko Leah.

Asibitinmu yana da wata tsohuwar jif da Turawan mishan suka bari. Kaka muke ce mata. Ita ce ke hawa duwatsu ta ɗauko mana matan da naƙuda ta yi wa gardama, ita ke kai waɗanda suka fi ƙarfinmu babban asibiti. Da ba don Ishaya ba, da Kaka ta daɗe da zama gidan kaji kamar akori-kurar nan. Duk sati yakan cije ƙotarsa a jikinta ya gaya wa direbanmu abin da ke shirin lalacewa tun bai lalace ba.

A daminar 1976 abin ya ɓaci, kuma yabo ne ya ɓata shi, ba zagi ba.

Akwai wani direban lori, Maharazu, Bakabe ne, mutumin kirki mai yawan dariya da yawan surutu. Ya tsaya a gindin ɗorawa ranar da nake can ina jiran Kaka.

"Kai soja, duba man wagga tsohuwa," in ji shi. "Kuka taka yi tun shekaranjiya. Dirin Daji za ni da dawa."

Ishaya ya yi duk abin da ya saba, ya ciji ƙota a can ƙasan inji, ya daɗe. Da ya miƙe ya ce, "Boris ɗin ƙasa ne. Kada ka ɗora mata kaya. In ka ɗora, hawan farko mai tsawo za ta tsaya, kuma ba za ta sake tashi ba."

"Haba soja! Wagga da ta kai ni Yawuri da buhu har sama? Tsufa ne kawai, ni ma gwiwata na kuka."

"Na gaya maka."

Maharazu ya ɗora dawarsa ya tafi. A hawan farko mai tsawo injin ya fashe, ƙarfe ya huda cikinsa ya leƙo waje. Ba wanda ya ji ciwo. Maharazu ya dawo a bayan babur, maimakon ya ji haushi sai ya shiga tasha yana ta shela.

"Wallahi sojan ga yana da mutanen ɓoye! Ya ciji icce, ya rufe ido, suka gaya mashi wurin da za ta mutu. Har wurin! Ku kai mashi motocinku, ba irinmu ba ne."

Shi a ganinsa talla yake yi masa. Amma maganar da ta fita tasha tana dariya, da ta iso ƙofar coci ta daina dariya.

Ban ce dattawan ikilisiyarmu mugaye ba ne. Yawancinsu da girmansu suka bar tsafin gidajensu, wasu sun rabu da iyaye a kan haka, kuma abin da mutum ya sha wuya ya bari yana tsoron ganin inuwarsa. Ga sanda daga golmo, ga rufe ido, ga ɓoye ta a safa, ga faɗin abin da zai faru. Suka kira Ishaya. Markus, wanda ya shugabance su a gonar babanmu, shi ne yanzu babban dattijo, yana da injin niƙa kusa da kasuwa. Shi ya yi tambayar.

"Me ke cikin sandar nan?"

"Ice ne," in ji Ishaya.

"To me ya sa kake cizonta? Me ya sa ba ka sa kunne kamar kowane bakanike?"

Ishaya ya yi shiru. Suka tambaya ta nan, suka tambaya ta can, ya ƙi cewa uffan. Shirun nan ya fi komai ɓata masa. Suka yanke cewa ran Lahadi mai zuwa bayan sujada ya kawo sandar a ƙone ta a gaban dattawa. In ya ƙi, za a sa shi a horo, ya koma bencin baya, ba shi ba Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai, kuma a karɓe Kaka daga hannunsa a riƙa kai ta Kwantagora gyara.

Kwantagora! Motar da sai an lallaɓa ta take kai Kanya da ke nan kusa da mu. Da na ji haka na ce lallai maza sun taru sun yi shawara.

Washegari Leah ta zo asibiti neman auduga. Ta daɗe tana zuwa neman auduga, ni kuma ban taɓa tambaya ba, mace da 'ya'ya ba ta rasa abin yi da auduga. Ran nan ta karɓa ta ƙi tafiya. Ta zauna a bakin gadon haihuwa ta fashe da kuka.

"Yaya, in suka ƙone sandar nan ya gama aiki."

"Don me? Ba wani icen a daji?"

"Akwai. Amma in ya sake cizon wani, za su ce ya koma. Kuma in bai ciza ba, ba ya ji."

"Ba ya jin me?"

"Komai, Yaya. Tun da ya dawo. Kunnuwansa ruwa suke zubarwa, kullum sai na wanke rigar matashi kafin yara su tashi. Bakin mutum yake kallo. Ya ce ran da na faɗa wa wani, ran nan zan koma gidan babanmu."

Shekara biyar. Ni da nake kanga ƙaho a cikin mace in ji bugun zuciyar ɗan da ba a haifa ba, mutum na cin tuwo a gidana shekara biyar ban san ba ya jin muryata ba. Haka ya iya ɓoyewa.

Na tafi gindin ɗorawa da tsakar rana. Yana sunkuye a kan wani inji, ya ba ni baya. Na ɗauki wani tsohon murfin taya na maka shi a kan fallen kwano da duk ƙarfina. Kajin da ke cikin akori-kura suka tashi sama suna kururuwa, wata mai tallan gyaɗa a tsallaken hanya ta kusa zubar da tirenta. Ishaya bai ko motsa ba. Sai da na zagaya na tsaya a gabansa ya ɗago.

"Yaya, sannu da zuwa. Kaka ce?"

Da yarenmu muka yi maganar, na juya ta Hausa ne a nan. Da sunan 'yarsa na kira shi.

"Baban Hannah, cire hular nan."

Ya dube ni, ya dubi murfin tayar da ke hannuna, ya dubi kajin da ba su gama sauka ba. Ya gane. Bai cire hular ba, amma ya zauna a benci.

Ya ce ana saura 'yan watanni yaƙi ya ƙare, yana kwance a ƙarƙashin wata mota yana gyara, harsashin igwa ya faɗo kusa. Da ya farfaɗo jini na fita ta kunnuwansa biyu, yana ganin bakin mutane na motsi ba sauti. Da likitan soja ya tambaye shi, ya ce lafiya lau.

"Don me ka ce lafiya lau?"

"A layin ganin likitan akwai 'yan garinmu uku. Ɗaya ba ƙafa. Ni in ce kunne?"

Ya ce ya ɗauka aikinsa ya ƙare, don bakanike da kunne yake ci. Sai wata rana hannuwansa biyu na riƙe da waya, ya cije sifana a baki, bakin sifanar ya taɓa inji yana aiki. Sai ya ji injin a cikin kansa, tas, fiye da yadda ya taɓa ji da kunne. Ƙarfe na cin haƙori, shi ya sa da ya dawo gida ya nemo ƙotar.

"To shi ke nan," na ce. "Ran Lahadi ka tashi ka gaya musu haka. Magana ɗaya ce."

"A'a."

"Ka gwammace a ce kai matsafi ne?"

"Matsafi namiji ne, Yaya."

"Kurma fa? Mace ce?"

Ya kawar da fuska, wato ya rufe ni ke nan, don in bai kalle ka ba ka gama magana. Na kama haɓarsa na juyo da shi.

"Ba ka yi sata ba. Ba ka gudu daga yaƙi ba. Ciwo ne, kuma wataƙila a Kaduna akwai likitan da zai iya yin wani abu."

"Markus na wurin ran da garma ta sare ni," in ji shi. "Ya ga ban ce komai ba. Yanzu in tsaya a gabansa da furfurata in ce ina da ciwo? Su ƙone ta. Kuma Yaya, in kika faɗa, ba ni ba ke, ba ke ba Leah."

Na san zai aikata. Na taso na bar shi a benci, cike da haushi.

A bakin kasuwa akwai shagon Nwankwo, mai sayar da kayan gyaran mota. Yana Zuru tun kafin yaƙi, ya gudu gida lokacin tashin hankali, ya dawo bayan an gama ya sake farawa da 'yan filogi a kan tebur. A wurinsa Ishaya ke sayen kaya. Sau da yawa za ka gan su zaune a benci ɗaya da yamma, ba mai cewa komai, kowa na kallon hanya. Mutane na mamakin abin da ya haɗa su, tunda ɗaya ya yi yaƙi ta nan, ɗaya danginsa ta can. Nwankwo ɗan Katolika ne, ba shi da baki a taron dattawanmu.

Ran Asabar ya aiko a kira ni. Na same shi tare da Markus a ƙofar shago.

"Mama Nas, yawwa. Kin zo da auduga?"

"Ka ce in zo da ita, na zo da ita. Wa ya ji ciwo?"

"Injin Baba ne ba lafiya."

Ashe injin niƙan Markus ya kwana biyu yana wata ƙara. Tunda akwai magana tsakaninsa da Ishaya, ba dama ya kira shi, sai ya zo wurin Nwankwo ya sayi abin da yake zato ne ya lalace.

"Ni ba na sayar da kaya da zato, Baba," in ji Nwankwo. "Gobe ka dawo ka ce Nwankwo ya cuce ka. Mu je mu gani."

Muka je. Injin na ta ruri, mata na layi da kwanonin dawa, ba ka jin maganar na kusa da kai. Nwankwo ya ari muciya a gidan da ke maƙwabtaka, ya wanke ta, ya ce in toshe wa Markus kunnuwa da auduga. Na toshe su da kyau, har da ɗan ƙari, don ina jin haushinsa. Sai Nwankwo ya dafa kan muciyar a saman inji ya nuna masa ya ciji gindin.

Markus ya dube shi kamar zai mare shi. Babban dattijon ikilisiya, da muciyar tuwo a baki, a gaban mata. Matan kuwa har sun fara rufe baki da gyale. Amma injinsa ne, abincinsa ne. Ya ciza.

Na ga idonsa ya buɗe. Nwankwo ya matsar da muciyar ƙasa, Markus ya bi ta a sunkuye. Ya mayar da ita sama. Markus ya ƙwace ta da kansa ya koma ƙasa, ya tsaya a wuri ɗaya, yana nuna wurin da yatsa. Aka kashe injin. Ya zare audugar.

"A nan ne! Wani abu na bugawa a nan, kamar ana daka a turmi. Wa ya koya maka wannan?"

"Wana, Innocent. Shi ma bakanike ne, a can gida. Kafin yaƙi da kunne yake yi. Da ya dawo, haka yake yi."

Markus ya tsaya da audugar a tafin hannunsa, yana kallonta.

"Ban ce komai a kan kowa ba, Baba," in ji Nwankwo. "Labarin wana na ba ka."

Markus ya miƙa wa mai muciya muciyarta, ya yi mata godiya, ya shige.

Ran Lahadi bayan sujada dattawa suka zauna a inuwar bayan coci. Ba a gayyaci mata ba, amma Kaka motar asibitina ce, na ɗauki kujera na zauna, ba wanda ya iya cewa in tashi. An riga an haɗa 'yar wuta a gefe. Ishaya ya zo da kakinsa a goge, hula a jaye. Ya zare ƙotar daga safa ya ajiye ta a ƙasa a gabansu, ya ja da baya ya ƙame kamar a fareti. Da gaske ya zo ne a ƙone ta. Ya zaɓi ya rasa aikinsa a kan ya buɗe baki.

Markus ya sunkuya ya ɗauka. Ya juya ta a hannu, ya shafa wurin da haƙora suka ci. Sai ya taka har gaban Ishaya, ya tsaya daf da shi, fuska da fuska, ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai.

"Na san ƙotar nan. Tare muka sare ta a bayan dutse. Ƙirya ce."

Ya ce a kawo Kaka. Direbanmu ya kawo ta, ya buɗe bonet, ya bar ta tana aiki. Markus ya dafa ƙotar a jikin inji, ya sa haƙoransa daidai inda na Ishaya suka yi rami, ya toshe kunnuwa da yatsu, ya rufe ido. Dattawa suka miƙe tsaye.

Da ya ɗago ya ce, "Ba kowa a ciki. Ƙarfe ne ke taɓa ƙarfe, ice na kawo ƙarar. Duk mai so ya zo ya ciza ya ji."

Biyu suka ciza. Na biyun har ya yi dariya ya ce yana jin wani abu na ƙyas-ƙyas kamar agogo. Ishaya, da yake kallon bakinsa, ya ce bawul ne, haka yake in yana lafiya.

Sai wani dattijo, manomi ne da bai taɓa zuwa soja ba, ya ce, "To na yarda ice ne. Amma har yanzu ba a gaya mana ba, me ya sa da haƙori? Me ya hana shi sa kunne?"

Na ce a raina yau dai za a faɗa, a huta.

Markus ya dubi mutumin ya ce, "Kowa da yadda ya koyo a soja."

A cikin dattawan akwai tsofaffin sojoji. Na ga ɗaya ya dubi hular Ishaya, ya sunkuyar da kai. Na ga wani ya taɓa gwiwar mai tambayar. Markus ya mayar da ƙotar cikin safa da hannunsa, ya miƙa wa Ishaya, ya sa aka zuba wa wutar ruwa. Aka yi addu'a aka watse.

Ishaya ya riƙe ƙotarsa, ya riƙe Kaka, ya ci Jibi a watan da ya biyo. Kafin sati ya zagayo duk Zuru ta sani, kuma duk Zuru ta haɗa baki ba za ta sani ba. Fasto ya ce daga yanzu tsofaffin sojoji su riƙa zama a bencin gaba, don girmamawa, wato daidai inda ake ganin bakinsa in yana wa'azi. Direbobi sun daina ƙorafin tsayawa a gabansa. Maharazu, da ya sami wata lorin, yakan zagayo ya dafa masa kafaɗa kafin ya fara surutunsa, kuma ya daina zancen mutanen ɓoye. Yara ma an hana su yi masa ihu ta baya.

Kowa na cewa abin ya yi kyau, an rufa wa namiji asiri. Leah ma haka take cewa. Ni kaɗai ce ban ga kyansa ba. Gari guda ya tashi tsaye don kada mutum ɗaya ya ce yana da ciwo, amma ba wanda ya tashi ya kai shi a duba ciwon. Shekara biyu ke nan da maganar. Kunnen har yanzu yana zuba. Maganin ɗigawa nake ba Leah, tana ce masa na kaikayi ne, shi kuma yana yin kamar ya yarda. Ta ce yanzu in ya ciji ƙotar yakan daɗe fiye da dā, yana karkatar da kai gefe ɗaya. Na yi masa maganar Kaduna har na gaji. Duk ran da na fara sai ya kawar da fuska.

Makon jiya na kai Kaka, tana wani tsuwa in ta yi zafi. Ya sansana, ya duba hayaƙi, ya jera filogi, ya ciji ƙotarsa ya ba ni baya. Ina tsaye a bayansa, haushin ya taso mini, na faɗi abin da ke bakina da ƙarfi, tunda na san ba ji zai yi ba. Na ce kurma mai taurin kai, za ka mutu da hular nan a kunne.

Ya cire ƙotar daga baki ya goge ta da safa. Bai juyo ba.

"Yaya, na ga bakinki a madubin mota," in ji shi. "Ni lafiyata lau. Kaka ce ba lafiya, famfon ruwanta ya kusa tafiya. Ki aika wurin Nwankwo tun yau, kada ta tsaya muku a kan dutse da mai naƙuda a ciki."

Na aika.